Kayen Surukina da Batirin da Ba Ya Motsi

Ranar Laraba da hantsi Allah ya yi wa surukina cikawa a gidansa na Agiye, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Mai abu ya karɓi abinsa, mu ma layi muke bi. Ni ne mijin 'yarsa ta biyu, kuma shekara huɗu ni ne shugabansa a wurin aiki. Kwana uku na yi a tabarmar gaisuwa ina karɓar hannun mutane, kowa ya zo sai ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, tsoho kam ya rabu da kowa lafiya." Ina cewa amin, amma na san akwai mutum ɗaya da ba su rabu lafiya ba. Wata biyar muka yi ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar fatar baki, laifin kuwa nawa ne. Abu ɗaya nake son sani a kwana ukun nan: ya yafe mini, ko ya tafi da ni a ransa.

Ƙanensa, dillalin aya a kasuwar Agiye, shi ne a gefena. Rana ta biyu da mutane suka ɗan ragu sai ya ce, "Yau kam mun huta da tambaya." Ya fara dariya, bai ƙarasa ba. "Ka ce mishi lahiya lau, shi ce to, mi ka ci da sahe? Ka hwaɗa mishi, shi ce ka cinye ko ka rage? Shekara sittin shina yi mani haka. Jiya na tashi, ba wanda ya tambaye ni gwiwata." Ya shafa gwiwar, ya juya fuska wajen bango.

Majo ta zo, wato shugabar wata ƙaramar likita, ɗakin shan magani da ke wani ƙauye bayan Gangara. Kafin ta shiga wurin mata ta tsaya daga nesa ta gaida maza, ta ce wa ƙanen marigayi, "Da ba don shi ba, da ranar rigakafi ta iske mu ba mu da allura ko guda mai kyau." Sai idonta ya faɗa kaina. Ta gyara mayafi ta shige, ni kuma na sunkuyar da kai, don ni da ita mun san wanda ya jawo abin.

Wanda ya fi ba mutane mamaki wani dattijon Bafillace ne daga wajen Sae Sabuwa. Mota biyu ya shiga kafin ya iso, da ƙwaryar man shanu a ɗaure cikin tsumma. Ba wanda ya san shi a gidan sai ni. Ya durƙusa ya yi addu'a mai tsawo da Fillanci, sannan ya dube ni ya ce, "Baaba ta tafi. Yanzu wa za shi tambayi ƙarfen namu?"

Sai na bayyana ƙarfen, don wanda bai san aikinmu ba ba zai gane surukina ba.

Shi tsohon ma'aikacin waya ne, na zamanin da magana ke bin zaren ƙarfe bisa turaku a bakin hanya. Yakan ce lokacin babban taron ƙasa, da ake ta muhawara kan komawa mulkin farar hula, shi yana bisa turke da rediyo a aljihu, yana sauraro yana ɗaure waya. Bayan ya aje aikin gwamnati da shekaru, wani shirin taimako ya haɗa ƙananan likitoci goma sha uku da rezo, wato hanyar sadarwa ta iska, daga ƙauyukan Gazawa har na Gidan Rumji. Kowane wuri akwai dogon ƙarfe mai eriya, da faranti mai shan rana, da batir, batirin kuma shi ke riƙe da firigon da ke sanyaya alluran rigakafi. Masu shirin suka gama suka tafi, suka bar kayan a hannun kwamiti. Kwamiti ya ɗauke ni don na yi karatun abin, ya ɗauke shi don ba hanyar da bai sani ba kuma ba ya tsoron hawa. A wurin aikin nan na ga 'yarsa ta kawo masa fura, sauran labarin kuma an san yadda yake ƙarewa.

Zamanmu abin dariya ne ga mai kallo. A buro, wato ofis, ya ce mini "Shef", ya tsaya sai na ba shi izinin zama. Da yamma in je gidansa in tuɓe takalmi tun daga zaure, in durƙusa, in ce "Baba, ina wuni." Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko a daji muke sai na zagaya bayan mota da garin rogona. Shi kuma sai ya yi kamar yana duba taya har in gama.

Aikin kansa tambaya ne. Kwamfutar da ke buro tana aika wa kowace na'ura tambayoyi duk bayan minti biyar: tun yaushe kike kunne, saƙo nawa ya bi ta kanki, nawa ne ƙarfin batirinki. Ba da magana ake tambayar ba, kowace tambaya wata doguwar lamba ce mai ɗigo-ɗigo. Kamfanin da ya ƙera na'ura shi ke ba da takardar da ke faɗin ma'anar kowace lamba, masu sana'a suna kiranta mib. In ba ka da ita, na'ura za ta amsa maka, amma ba ka san abin da ta amsa ba. Kwamfuta tana tara amsoshin ta zana su layi-layi a allo, mu kuma mu karanta.

Ranar da na fara nuna masa, ya daɗe yana kallon allon. Sai ya ce, "Ashe gaisuwa ce. Shef, wannan aikin nawa ne tun ba a haihe ka ba." Akwai wata tambaya mai sauƙi da ake yi wa na'ura don a ji ko tana raye kawai, ta amsa ko ta yi shiru. Wannan ya raina ta ƙwarai. "Wagga ita ce lahiya lau. Bahaushe ko shina bakin kabari, ka ce ina kwana, lahiya lau za shi ce ma. Lahiya lau ta bakin ƙohwa ce, sai ka shiga ɗaki."

Mib ɗin da Turancin Ingilishi take, ni kaina da ƙamus nake lallaɓa ta. Surukina ya sayi kaye, littafin rubutu mai baƙin bango irin na 'yan lakol, ya sa ni gaba sati uku. In karanta lamba, in faɗi ma'anarta, ya rubuta da Hausa. Kowane wuri shafinsa daban. Lamba a hagu, ma'ana a tsakiya, a dama kuma ya ƙara abin da babu shi a takardar kamfani: irin amsar da mai lafiya ya kamata ya bayar da asuba, da tsakar rana, da magariba. Na gaji da shi har na ce, "Baba, kwamfuta ta san wannan duka." Ya ce, "Ta san lamba. Ba ta san an yi hadari jiya a Gangara ba." Kowace safiya sai ya kwafi amsoshin batir da hannunsa, ko da yake suna nan a ajiye cikin kwamfuta. A bangon kayen daga ciki ya rubuta doka ɗaya da manyan baƙaƙe: IN AMSA TA DAINA MOTSI, A JE A DUBA.

Da kayen nan ya gano mutanen dattijon Bafillacen. Akwai ƙarfe ɗaya, cikon na goma sha huɗu, a daji wajen Sae Sabuwa, ba likita a wurin, aikinsa miƙa rezo gaba kawai. Surukina ya lura duk jajiberin kasuwa batirin wurin yana sauka fiye da kima. Ya ce, "Wani na shan kuran ɗinmu, kuma mai zuwa kasuwa ne." Kuran wutar lantarki ke nan. Muka je muka tarar an ɓare akwatin batir da dabara, makiyayan da ke zaune kusa suna cajin wayoyinsu. Ni jandarma na so kira. Ya ce in ba shi awa ɗaya. Ya je rugar ya zauna, aka ba shi nono, ya tambayi shanu ɗaya-ɗaya, wadda ta haihu da wadda ke ɗingishi. Da ya dawo sai ya fitar da wani ɗan soket ya ɗaura a wajen akwatin, ya haɗa shi yadda ba ya ba da wuta sai rana ta take, lokacin da batir ya ƙoshi. Daga ranar ba a sake taɓa akwatin ba, har faranti suke share mana in ƙura ta rufe shi. Duk wata kuma sai ya bugo wa dattijon waya ya tambaye shi ƙarfen: ya karkata, tsuntsu ya yi sheƙa, akuya ta ci waya?

Rigimarmu ta faɗo a shekarar da sojoji suka riƙe mulki suna shirin mayar da shi ga farar hula. Zaɓe bayan zaɓe ake yi, yatsan mutum bai gama rabuwa da tawada ba an sake kiransa layi. Surukina bai taɓa fashin jefa ƙuri'a ba, amma in 'yan kamfen suka zo ƙofarsa sai ya ce, "Ni ba ni tambayar gwamnati lahiya. Rijiya nawa ke da ruwa a unguwarku?" Ni kuwa lokacin kaina ya kumbura. Hukumomi sun roƙi mu kula da rezo sosai don masu aikin zaɓe na ƙauye su samu hanyar aika saƙo, aka ba ni wata takarda ta rataya a wuya. Ko masallaci da ita nake zuwa.

A ƙarshen damina tsawa ta ƙone na'urar cajin batir a likitar majo. Na sayo wata a Maradi, kamfani ɗaya amma sabon samfuri, na je na ɗaura, na dawo. Na duba allo na ga tana amsa tsohuwar lambar batir, ta ce sha biyu da ɗigo takwas. Na ce madalla. A cikin kwalinta akwai faifai ɗauke da sabuwar mib, ban ko buɗe ledar ba, na bar kwalin a ɗakin ajiyar likitar.

Bayan kwana biyar surukina ya tsaya a bayana ya ce, "Shef, batirin can na bayan Gangara, Allah ya ba shi lahiyar da bai ba ɗan Adam ba." Na yi dariya na ci gaba da abin da nake yi. Na san zance ne ya ɗauko ta nesa saboda kunyar da ke tsakaninmu, na yi kamar ban gane ba. Bayan kwana huɗu ya aje kunyar gefe, ya buɗe kayen a kan teburina. "Kwana tara amsa guda. Da asuba sha biyu da takwas, da rana sha biyu da takwas. Batir mai rai shina hawa in rana ta hito, shi sauka kahin asuba. A je a duba."

Akwai baƙi biyu daga hukumar gari a buro ranar. A gabansu na ce masa, "Baba, wannan sabuwar na'ura ce, tana riƙe wuta daidai. Ba irin wayarku ta da ba ce da ake ɗaurewa da haƙori." Baƙin suka yi dariya. Ya rufe kayen ya ce, "To, Shef." Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar in nutse.

Ranar kasuwar Gangara ya shiga motar 'yan kasuwa, daga can ya hau amalanke zuwa ƙauyen. Ya kwana a wurin mai gadi. Da aka sallame sallar asuba ya sa majo ta buɗe firigo, ya sa hannu ya ji ɗumi. Batirin ya kumbura, tsawar da ta ci na'urar caji ta taɓa shi. Da rana faranti na riƙe firigon, rana na faɗuwa ya fara mutuwa. Ma'aunin sanyin firigon ya daɗe da lalacewa, da mu suke dogara. Majo ta duba kwalaben allura ta ga ɗan tabon da ke jikinsu ya yi duhu, alamar zafi ya ɓata su. Saura kwana biyu ranar rigakafi, an riga an yi shela a ƙauyuka, mata za su tako da goyo daga nesa. Allah ya sa aka samu kawo wasu alluran cikin ƙanƙara kafin ranar.

Kwamiti ya zauna. Shugaban kwamiti ya tambayi surukina ko sabuwar na'urar ce ta lalace. Ya ce, "Na'ura ba ta yi ƙarya ba. A tsohuwa, lambar nan ma'anarta abin da ke cikin batir. A sabuwa, ma'anarta abin da aka ce batir shi kai. An tambaye ta abin da aka aza mata, ta hwaɗi." Shugaban ya ce, "Wa ke tambayar?" Surukina ya dubi ƙasa ya ce, "Mu ne, buro." Ya so ya rufa mini asiri, amma kowa ya san a buro mutum ɗaya ke taɓa kwamfuta. Da aka watse, muka rage mu biyu, ya fito da faifan nan a cikin ledarsa ya aje a kan teburina. Gyaran bai kai dafa shayi ɗaya ba.

Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunne biyu. Maimakon in je in durƙusa, sai na rubuta wa kwamiti cewa shekarunsa sun wuce na hawa ƙarfe da shiga daji, ya kamata a hutar da shi. Maganar tana da kamar gaskiya, shi ya sa ta yi muni. Kwamiti ya yarda. Ya ɗauki kayensa da butarsa ya koma gida. Juma'a biyu na je gaishe shi. Na ce, "Baba, ina wuni, ya ƙarfin jiki?" Ya ce, "Lahiya lau." Ya tsaya yana kallona, ni kuwa na tashi. Mutumin da bai taɓa karɓar lafiya lau daga bakin kowa ba, shi ya miƙo mini ita, na karɓa na sa aljihu. Na ce fushi yake yi. Daga nan na fake da tafiye-tafiyen aiki. In matata za ta gida ranar Juma'a sai in ce, "Ki gaida Baba."

Rana ta uku bayan an yi addu'a an raba waina, aka ce surukata tana kirana. Bagobira ce daga yamma, shekara huɗu ban ga fuskarta sosai ba. Na durƙusa a bakin ƙofa, tana daga cikin labule, matata na zaune kusa da ita. A gefen ƙofar na ga takalmansa na fata. An tsaga su da reza daga sama, an faɗaɗa su. Na tsaya ina kallonsu, sai surukata ta ce, "Ƙahwahunai sunka kumbura. Wata biyu ke nan ba su shiga takalmi."

Ban sani ba. Gari ɗaya muke, tsakanin gidana da nasa bai kai tafiyar minti goma ba.

Ta turo kayen ta ƙarƙashin labule. "Yac ce in wani abu ya hwaru a ba ka, aikin buro ne." Na buɗe. Shafi goma sha huɗu na wurare goma sha huɗu, kamar yadda na san su. Na juya sai ga na goma sha biyar. Babu lamba mai ɗigo a hagu. A sama ya rubuta: Mijin yarinya. Ya ja layuka kamar sauran, kowane layi da tambayarsa. Yana karin kumallo kafin ya fita? Ya canja tayar baya ta babur? Ciwon cikin nan na tashi? Yana wasa da yara in ya dawo? Kowace Juma'a da amsarta, wata biyar cif. Amsoshin suna hawa suna sauka: wani satin na ci, wani satin ban ci ba, tayar sai a wata na biyu na canja ta. Layin ƙarshe tambayarsa ita ce: Ya tambaye ni? A ƙarƙashinta, daga sama har ƙasa, magana ɗaya ce. Ya ce a gaishe ni. Ya ce a gaishe ni. Ya ce a gaishe ni. A gefen ta ƙarshe ya sa: Ba ta motsi. A je a duba.

Na kasa ɗaga kai. Da ƙyar na ce, "Inna, ina son in tambaye ki abu guda. Ya yafe mini?"

Ta ce, "Ni ban ji ya hwaɗi da baki ba, ba ni yi ma ƙarya. Abin da nis sani, ran Litinin ya sa an wanke mai babbar riga, yac ce ma ƙanenai shi ɗauke shi bisa babur ran Juma'a shi kai shi gidanka. Nic ce, a ina ka taɓa jin suruki ya tai gaida mijin ɗiya tai? Yac ce shi ba gaisuwa za shi ba, dubawa za shi. Ga rigar can rataye. Wanda bai yahe ma ba, ba shi wanke riga dominka."

Na yi kuka a bakin ƙofar surukata, abin da ban taɓa zaton zan yi ba, ba kuma wanda ya hana ni.

A hanyar komawa gida, da kayen a hammata, na ce wa matata, "Wata biyu ƙafafunsa a kumbure, wata biyar yana tambayarki ni. Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Shi ya ce kada in hwaɗa ma sai ka tambaya. Kai kuwa kullum in na dawo sai ka ce, suna lahiya? In ce lahiya lau. Ka ce madalla." Ta gyara goyonta. "Ina ta jira ka ƙara ko tambaya guda."

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa, ya sauƙaƙa masa tambayar da ke jiran kowa. Kayen yana kan teburina a buro, ina kwafe amsoshin batir da hannu kowace safiya. Washegarin addu'ar bakwai na biya ta kasuwa wurin ƙanensa. Ya ce mini lafiya lau. Na jawo buhun aya na zauna, na ce, "Baba ƙarami, gwiwar fa? Ta hagu ce ko ta dama?"